Faɗuwar Modu a Filin Folo

Daren Lahadi, Nuwamba 1964, Mafoni

Barci ya ƙi zuwa. Tun majigin da aka nuna mana ranar Juma'a raina bai kwanta ba. Samarin Japan ne suke tsere, kowa ya gama zangonsa sai ya cire wani ƙyalle daga kafaɗa ya miƙa wa na gaba. Wanda ya zo na ɗaya ko fuskarsa ban gani sosai ba. Amma wani da ya faɗi yana rarrafe da ƙyallen a hannu, a kansa mai ɗaukar hoton ya tare, har da mata suna kuka a bakin titi. Ni dai ina zargin yaran can sun gane abin da ake so a gani, shi suke bayarwa. Wa ya sani ko masu hoton ma faɗuwar suke jira.

Yau da yamma ƙanena Modu, wanda muka kalli majigin tare, ya shiga tsere a filin folo, inda ake ƙwallon dawaki. Yaron da yake zuwa Umarari da gudu ya dawo ko haki babu, wai shi ne ya zube dab da ƙarshe, aka wuce shi. Na ruga da buta, ina tunanin abin da zan gaya wa Baba. Ina yayyafa masa ruwa sai ya buɗe ido ɗaya, ya ce a hankali, "Ya Bukar, mutane sun taru?"