Muƙamin da Alhaji ya ba ni

Daren Talata, Adjamé

Ƙafafuna sun kumbura. Tun asuba nake asibitin haihuwa a Treichville da Rabi, matar Alhaji Sani, don ba ta jin Faransanci. Aikina in riƙe mata hannu, in shafa baya, in fassara.

Sai Alhaji ya so girmama ni, ya ce wa ungozomar asibitin, "Wannan ma sage-femme ce."

Ita kuwa ta juyo gare ni: "Ina diplôme ɗinki, madame?"

Na san dokar. Sage-femme sunan ungozoma mai takardar shaidar karatu ne, ban taɓa kiran kaina da shi ba. Duk da haka aka fitar da ni baranda, ina jin Rabi tana kirana, tana ihun "Inna, ruwa!" ba wanda ya gane.

Ta sauka lafiya, da ƙishinta. Gobe Alhaji zai kawo goron godiya. Sai dai ya tauna abinsa.