Lambu na ce, ba kandamin kifi ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, in ban da bayana da ya fara yi mini gardama, amma ba abin gaya wa Inna ba ne.

Hoton da ka aiko ya iso, har da murmushinka. Haba Yaya! Lambu na ce a haƙa a filina, irin wanda muke yi wa masu hannu da shuni a nan: a nutsa shi ƙasa, bangon siminti fes ba ado, matakala, benci, bishiya ɗaya tal. Maigidana mai zanen gine-gine da hannunsa ya zana mini. Bututun nan na kusurwa, da ka ce birkila ne ya manta bai toshe ba, shi ke fitar da ruwan sama. Ka toshe shi, ruwa ya taru, ka ga banza ka zuba tarwaɗa.

Lambun nan shi ne tallata. Shi zan nuna wa masu kuɗi in na dawo, su ba ni aiki, in huta da durƙuso cikin sanyin ƙasar mutane. Yanzu me zan nuna musu? Gashin bakin kifi?

Don Allah ka buɗe bututun, ka kwashe dabbobinka. In ba haka ba, ka je da bakinka ka gaya wa Inna bana ma ba zan dawo ba, ka kuma gaya mata dalili.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka.