Sandar da Na Koya Maka Riƙewa

Zuwa ga ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a can Tuboro. Mu nan Garwa lafiya lau, Inna tana gaishe ka.

Na ga hoton da ka sa. Ga ka a gonar auduga, sanda a hannu, mutanen ƙauye sun kewaye ka suna murnar samun ruwa. Kowa ya rubuta maka barka, ban da ni. Hannuna ya ƙi.

Ka san sandar nan tawa ce shekara da shekaru. Na'urar auna maganaɗisun ƙasa, mai kai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tana nuna bambancinsu a allo, mu gane inda dutse ya tsage a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Ni na koya maka ita a bayan garin Ngong. Ranar farko lambobi suka yi ta hauka, ashe makullin moto, wato babur, ne a aljihunka. Na sa ka cire bel da agogo, na ce maka, "Ba ta shiri da ƙarfe, ko allura ce."

Sai ga shi moto ya kayar da ni, likita ya sa min ƙarfe a cinya. Da na warke na koma aiki, na ɗaga ta, lambobi suka ƙi tsayawa. Na cire duk abin da zai ciru. Shef, shugaban aikinmu, ya dubi ƙafata ya ce, "Na ciki ba ya ciruwa, Isa." Ya miƙa maka ita a gabana.

Ba ka yi min laifin komai ba, shi ya fi ƙona min rai. Kuma an ce ka fi ni. Wai takunka daidai yake, sandar ba ta karkacewa a hannunka. Ina zaune a shagon Kawu ina auna shinkafa, in na ji ana yabonka sai in kau da kai.

Duk da haka na lura a hoton akwatinta yana buɗe cikin rana. Haba Habu! Zafi yana rikita ta. Da safe ka bar ta ta sha iska kafin ka saita, ka juya gabas da yamma, kudu da arewa, a wurin da babu ko ƙusa. Ka goge bakin batir kullum.

Muna jin labarin masu satar mutane a dajin nan. Kada la'asar ta same ka a fili. In abu ya taso ka yar da ita ka gudu, ana sayen wata.

In ka gama awo ka kira ni, ka karanto min lambobin. Daga Garwa ƙafata ba za ta dame ta ba.

Allah ya tsare min kai, ya wanke min zuciya, ya dawo da kai gida lafiya. Amin.

Yayanka,
Isa