Sawun Alastair a Shafin Yuli

Twizel, 4 ga Yuli, 1994

Zuwa ga matata Noeline,

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Ina fatan ƙafa tana sauƙi, kuma 'yarmu Kirsty tana kula da ke yadda ya kamata, ba ta barinki kina ɗingisawa zuwa kicin. Ni lafiyata lau, sai sanyi.

Ga fim na farko nan cikin ambulan. Shekara ashirin da bakwai ina bin ki a duwatsun nan da jaka a baya da ƙafafun kyamara a kafaɗa, ban taɓa danna komai ba sai murfin fulas ɗin shayi. Shekaranjiya na danna sau talatin da shida, kuma ina jin ba ki san wa kika aura ba.

Na san abin da ke hana ki sukuni. Tun kafin a haifi Kirsty kalandarki ba ta taɓa fashi ba, ga hotuna goma sha ɗaya a hannu, shafin Yuli ne kaɗai babu komai, mai ɗab'i kuma ya ce ƙarshen wata zai rufe aiki. Ki kwantar da hankalinki. Ke ki ji da karayarki, ni zan kawo miki Yuli.

Takardar dokokinki tana aljihuna. Batir yana cikin rigata kusa da hammata. Dokar farko kuwa ba na bukatar karanta ta, don na haddace ta da muryarki: kada ka taka min dusar ƙanƙarar da ke gaban kyamara.

Ki gaida Kirsty da mijinta.

Naki,
Alastair

Omarama, 14 ga Yuli

Noeline tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, wasiƙarki ta same ni, na karanta ta a tsaye a gidan waya, na yi dariya har matar da ke sayar da kan sarki ta leƙo. Wato duk talatin da shidan sun fito ruwan toka, kamar na ɗauki hoton murhunmu. Gaskiyarki, na manta doka ta biyu. Kin rubuta cewa farin dusa yana ruɗar kyamara, dole a ƙara mata haske mataki biyu, ni kuwa na amince da allurar awon hasken nan kamar ita ta haife ni. Amma kiran babban yatsana "mafi kyawun tsauni a cikin fim ɗin" ya yi yawa.

Fim na biyu ba zan aiko ba, kuma gara ki ji dalili daga bakina. Tipene, tsohon makiyayin nan da ya taɓa jawo motarmu daga rami a Lindis, shi ya kai ni bukkar makiyaya da ke saman tafkin Ohau. Muna shiga na tausaya wa kyamararki, na ajiye ta kusa da murhu ta ji ɗumi. Da rana ta sauko a kan tsauni, jajawur abin sha'awa, na fito da gudu, na leƙa, ban ga komai ba sai hazo. Idon kyamara ya yi gumi ciki da waje.

Tipene ya tsaya da kofinsa yana kallona, ya ce, "Mutumina, sai ka haɗa mata da miyar tunkiya da bargo. Noeline a baranda take barin ta cikin jaka, ko karena ya san wannan."

Na ce ai ni mai jaka ne.

Ya ce, "To mai jaka, ga aku can yana cin igiyarta."

Da gaske ne. Akun tsaunin nan da ake kira kiya ya samu jakarki a kan dutse, ya tsinke igiya, ya tafi da murfin idon kyamara. Kina bina bashin haƙuri.

Saura fim ɗaya. Rediyo ya ce dusa za ta sauko ranar Asabar, Lahadi gari ya washe. Ba zan ɓoye miki ba, yanzu tsoro ya kama ni, don na ce zan kawo miki Yuli da baki mai yawa.

Mijinki,
Alastair

Omarama, 18 ga Yuli

Abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida ƙafa. Ga fim na ƙarshe, ki ba Kirsty ta kai wanki yau ɗin nan.

Jiya Lahadi na buɗe ƙofar bukka na tarar da duniya sabuwa fil. Daga bakin ƙofa har gangaren tafki babu sawun ko tsuntsu. Wurin da nake so in kafa kyamara bai fi taku sittin ba in an miƙe, amma miƙewar ita ce taka miki hoto. Sai na zaga ta bayan shingen tumaki, na bi gefen kwari, dusa har gwiwa, na faɗi sau biyu, na yi minti arba'in. Tipene yana ƙofa yana ɗaga murya, "Dattijo, Dunedin wurin matarka za ka da ƙafa ne? Ka gaida Noeline!"

Kyamara ta kwana a baranda. Na ƙara haske mataki biyu. Na cire safar hannu, na duba yatsa. Da rana ta taɓa kan tsauni sai na ɗauki talatin da biyar a natse, tsaf, babu sawu ko ɗaya.

Na ƙarshen ba na kalanda ba ne, naki ne, kada ki yi faɗa. Ina naɗe kaya na waiga, sai na ga hanyar da na biyo: sawuna ya yi wani dogon lanƙwasa daga bukka, ga ramuka biyu inda na faɗi, ga hayaƙi yana tashi a bututu. Dariya ta kama ni, daga nan kuma kewarki. Duk shekarun nan ashe ban cika kallon tsauni ba, ƙeyarki nake kallo da jar hularki, ina jira ki ce in miƙo wani abu. Jiya na ga abin da kike gani, ya yi kyau ƙwarai, amma na fi son wurin da ke a ciki.

Naki dai,
Alastair

Omarama, 26 ga Yuli

Maman Kirsty,

Gaisuwa da murna. Na ji an ce nan da mako uku za a kwance ɗaurin ƙafa, Allah ya kai mu.

Sau huɗu na karanta wasiƙarki, sannan na ba Tipene ya karanta, ko idona ne. Kin ce talatin da biyar ɗin ba su da laifi, irin naki ne sak, kuma kina da irinsu cike da akwati. Sai kika aika wa mai ɗab'i na talatin da shida, da sunana a ƙasa. Shekara ashirin da bakwai ana korata daga gaban kyamara, yanzu kuma mutane za su rataye sawuna a kicin wata guda cur, har da inda na faɗi. Tipene ya ce zai sayi biyu, ɗaya na bukka, don tumaki su ga yadda ba a tafiya.

Na yarda tsaunin ya ɗan karkace, ba sai kin ja layi biyu a ƙarƙashin maganar ba. Ɗaya aibin da kika faɗa kuwa, wai sawun mutum ɗaya ne a hoton, wannan ba ni da yadda zan yi da shi bana. Ki warke, baɗi mu je mu gyara.

Ranar Asabar ina tafe. Na ɗinke igiyar jaka.

Mai ɗaukar jakarki har kullum,
Alastair