Muryarka da Suke So Su Ara

Zuwa ga Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kake. Na rubuta ne saboda na yanke wata shawara a madadinka, kuma har yanzu ban tabbata na yi daidai ba.

Alhaji Mudi, mai situdiyon nan na Sharada inda kake sa wa finafinan Indiya murya, ya aiko kirana. Yana so ya sake fitar da fim ɗin nan na yaren Tamil na kudancin Indiya, na ma'aikacin masaƙa da abokansa suka ƙone saboda an kulle musu ƙofa, ya bi masu laifin ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon da cikakken ƙarshensa, wanda ka ƙi yi. Ya ce yanzu akwai manhajar da za ta koyi muryarka daga tsofaffin ayyukanka, ta faɗi abin da ba ka faɗa ba. Izinin gida yake nema.

Ka tuna yadda muka yi aikin. In na taso daga kamfanin roba, ni ke karanta Turancin da ke ƙasan hoto in juya maka, kai kuma ka auna da leɓen jarumin, ka rage, ka ƙara, har maganar ta zauna a bakinsa kamar a Kumbotso aka haife shi. Da muka zo inda rubutun ya ɓace, ka aike ni wajen injiniyan kamfaninmu Ba'indiye. Ya saurara, ya ce shi ɗan arewacin ƙasarsu ne, bai fi ni jin yaren ba. Mu da muka ɗauka duk Indiya bakinsu ɗaya.

Sai muka iso ƙarshe. Jarumin ya ritsa mai masaƙar, ya yi dogon jawabi cewa duk wanda ya gagari kotu, hannun talaka ya ishe shi, sannan ya sare shi jama'a na tafi. Ka cire abin kunne ka ajiye. A kwanakin ne ka ga taro ya rufe wani mutum da duka a hanyar Challawa kan zargin satar waya, kuma bai tashi ba. Ka ce: "Masu kallon nan tare muke shiga Adaidaita. In suka ji wannan da Hausa, daga bakin ɗan'uwansu suka ji." Ka dage har aka yanke wurin, fim ya ƙare jarumin na zaune yana tsare da mutumin, ana jiran 'yan sanda.

Ina gidan kallo na Bompai ranar da aka fara nunawa. An yi ta tsaki. Wani ya ce an ba su tuwo an hana su miya. Daga nan Alhaji ya daina ba ka jarumi, ka koma muryar uba da ta likita har ciwo ya kwantar da kai. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Kafin in amsa kiran Alhaji, sai da na tuntuɓi matarka. Na zaci Anti Hadiza za ta ƙi. Ta ce ita duk abin da ka bari ta haddace shi, tana son ta ji ka faɗi wani abu sabo, ko mene ne.

Na je situdiyon da wannan a raina. Mai haɗa sauti ya danna, sai ga sallamarka ta cika ɗakin. Yaya, ban san lokacin da na amsa ba. Sannan jawabin ya biyo, sumul, babu gargada, da muryar nan da ta koya mini alwala. Na roƙa a tsayar. Na ce wa Alhaji fim nasa ne, ya nemi wanda zai karanta, amma kai ka riga ka ba da amsarka tun kana iya bayarwa. Bai ji daɗi ba, amma ya karɓa.

Na tarar da Anti tana tsintar shinkafa, na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da tsintarta, ta ce: "Kai dai ka ji sallamar."

Abin da ke damuna ke nan, ɗan'uwana. Na tsare maka bakinka, na hana ta abin da ni na samu. Na juya maganar ta kowace fuska, kullum amsa ɗaya nake samu, amma nauyin bai ragu ba. Gobe zan koma in gaishe ta, ko da ba za mu ce komai ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya zuciyar Hadiza. In na yi kuskure, Ya sa a kaina ya tsaya.

Ƙaninka,
Auwalu