Tunda Mijina Ya Shigo Da Narka Dalma Kicin, 'Yata Ta Daina Magana

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a sakaya sunana, ku kuma don girman Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

A Anguwan Rogo nan Jos muke zaune. Maigidana sana'arsa narka dalma, yana sayo tsofaffin batiran mota a Dilimi, ya fasa ya cire dalmar, ya narka ya zuba a mazubi, ya yi kan batir da dalmar da masunta ke ɗaurawa a raga. Da a fili bayan gidanmu yake aikin. To kun san daminar Jos, dalma in da laima a jikinta aka jefa ta a tukunya tartsatsi take yi, har ta taɓa ƙona masa hannu. Ga sanyi, kafin ta cika mazubin ta daskare, kaya su fito duk rami-rami, kwastomomi suna dawo masa da su. Sai ya kwaso aikin ya shigo da shi kicin ɗina, yana shanya guntayen a gefen murhun da nake girki. Kaya kam sun yi kyau sumul, har ogan da ke sayen kayansa da ya guje shi ya dawo.

Amma 'yarmu Hanifa, ita kaɗai Allah ya ba mu, da ƙyar take kai loma baki, kullum ciwon ciki da kuka. Yarinyar da surutunta ke hana mu sakat, yanzu sai kallo. Ranar da ta yi jijjiga na kwashe ta sai asibiti, aka gwada jini, likita ta tambaye ni sana'ar babanta. Da na faɗa ta ce dalma ce a jinin yarinyar, ko a fitar da aikin daga gidan a wanke ko'ina, ko a fitar da yarinyar.

Wallahi na faɗa masa ina kuka. Ya ce babansa a Bukuru ya tsufa yana narka kuza ko tari bai yi ba, likitoci dai ba su son talaka ya ci abinci. Na ce likita ta ce kuza daban dalma daban, ya ce duk ƙarfe ƙarfe ne. Na roƙi in kai ta gidanmu, ya ce in na fita ba da izininsa ba. Mamata kuma ta ce in yi haƙuri, damina ta kusa wucewa.

Ba mugu ba ne, yana son yarinyar nan kamar ransa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Jiya ya taso daga bakin tukunya ko hannu bai wanke ba, ya ɗauke ta yana ba ta ƙosai a baki, yana cewa, "Hanifa, ce Baba mana." Ta zuba masa ido kawai.

In ɗauke ta in tafi aurena ya girgiza, ko in jira damina ta wuce? Tsorona kar ruwan ya ɗauke, ita kuma Hanifa ba ta nan.