Kujerata Ba Ta Cikin Gado

Da sunan Allah. Ni mahaifiyarku, 'yar majalisar dokokin jiha kuma shugabar kwamitin lafiya, ina rubuta wannan da hankalina garau. Jiki ne ya gaza. Likita ya daina kallona cikin ido, na kuwa gane.

1. Gida naku ne ku uku, a raba yadda addini ya tanada. Ɗakin baya a bar wa gwaggonku muddin ranta.

2. Babba, da kai nake. Ka tuna ranar da gwamna ya yanke ƙyalle ya ce an gama sashen wankin ƙoda a babban asibiti. Na je da kwamitina, muka tarar da gadaje cikin ledarsu, babu inji ko ɗaya. Mata na zaune a baranda, mazansu kwance ƙafa a kumbure. Wata ta riƙe mini zane tana tambaya ko ba ni suka zaɓa ba. Na nemi majalisa ta kira kwamishinan lafiya ya yi bayani, ta kuma riƙe ƙarin kasafin kuɗi har injinan su iso. Kan majalisa ya rabu biyu, ƙuri'ata ce za ta raba gardama, ga shi ba zan kai ranar zaman ba. Wannan ya fi ciwon nan ci mini rai.

Gwamna zai zo ta'aziyya, ya dafa kafaɗarka, ya ce kai ka dace da kujerata. A ofishinsa kake aiki, na san kana jin nauyinsa. Ina roƙonka don nonon da ka sha, kada ka karɓa daga hannunsa, don bakinka ba zai ƙara buɗuwa a gabansa ba. In kana son kujerar, ajiye aikin, ka bi mutane gida-gida ka roƙe su.

3. Ke kuma Nas, a asibitin kike, kin ga komai. In kwamiti ya kira ki, faɗi abin da kika gani, ko za a mayar da ke ƙauye. Kuma ki daina kiran yayanki ɗan amshin shatan gwamna. Gabar nan ta isa, ku gaisa tun ina numfashi.

4. Auta, ranar zaman ka kwaso matan nan na barandar asibiti a motata, ku cika kujerun 'yan kallo. Kada ku ce uffan. Abokan aikina su ɗaga hannu suna ganinsu. Dabarar da ta rage mini ke nan.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ko siyasa ta raba ku da safe, ku dawo gida ku ci a kwano ɗaya. Ku yafe mini.